Yadda muka dawo da hasken dashbod ɗin tsohuwar Marsandin Kawu a Jos

Motar da zan yi bayani a kanta Marsandi ce 230E ƙirar 1983, irin wadda masu harkar ke kira W123, wato wadda ta riga V-boot fitowa. Kamfanin ya ƙera irinta daga 1976 zuwa farkon 1986, kusan guda miliyan 2.7, shi yasa har yau in ka zagaya Jos zaka ga jefi-jefi wasu suna yawo wasu kuma an jingine su a bayan gida kaji na kwana a ƙarƙashi. Tamu ta kawuna ce yayan mahaifiyata, ta daɗe a ajiye a rumfa a Anguwan Rogo tun da idonsa ya fara ba shi matsala da dare, daga baya ya miƙa min makulli yace in riƙa kula da ita in riƙa kai shi inda zai je. Injin lafiya lau, giya lafiya, fenti ma da sauransa. Abu ɗaya ne ya dame ni tun ranar farko, da zarar magariba ta yi ka kunna fitila toh dashbod ɗin kamar an kunna aci-balbal a cikin rijiya, maleji da ƙyar kake ganin lambobin sama, gejin mai da na zafi da ke gefen hagu kuwa sai dai ka yi hasashe.

Akwai wasu alamomi da na lura da su tun a lokacin amma ban san muhimmancinsu ba sai daga baya. Na farko ɗan maɓallin nan na hagu da ake murɗawa a ƙara ko a rage haske, wanda in ka danna shi yake mayar da ƙaramin lissafin kilomita sifili, in ka murɗa shi hasken baya tafiya a hankali, sai dai ya ɗauke ya dawo ya ɗauke, waje ɗaya ne tak can ƙarshe da yake kamawa sosai shima da ka faɗa rami ya goce. Na biyu duk sanda na kunna fitila allurar zafi da ta man fetur sai su ɗan motsa, ta zafin ta ɗan hau sama kaɗan alhali ba abinda ya canza a injin. Ku riƙe wannan na biyun zamu dawo kansa.

Abinda ya sa na daina ɗaukan abin da wasa wata tafiya ce da muka dawo daga Abuja a watan Disamba, ni da Kawu da ƙanwata, mun makara bamu bar Akwanga ba sai da duhu ya fara. Duk wanda ya san hanyar ya san Hawan Kibo, hawa ne mai tsawo da kwana-kwana ga tireloli suna jan ciki a gabanka dole ka zauna a ƙaramar giya injin na ta kuka, a nan ne tsohuwar mota ke nuna halinta, kuma a nan ne direba yafi buƙatar ganin allurar zafi. Ni kuwa bana ganinta sam, ga fitilun motocin zamani masu farin haske suna kashe min ido, in sun wuce na kalli dashbod sai inga baƙi ƙirin. Nace wa ƙanwata ta haska min da tocilan waya, wlh sai da gabana ya faɗi, allura ta wuce 100 tana neman jan layi, motar da ta saba zama a ɗan sama da 80. Muka lallaɓa muka samu waje muka tsaya, ashe wani tiyo ne ke ɗigar da ruwan lagireto. Allah ya rufa asiri bamu ƙona gasket ba, muka jira ya huce a cikin sanyin nan na Filato muka ƙara ruwa muka ƙaraso. Kawu bai ce komai ba sai da muka wuce Mararabar Jama'a sannan yace "ɗan nan, motar da baka ganin abinda take gaya maka ai ba kai ke tuƙa ta ba, ka gyara fitilar nan."

Gyaran farko da aka yi shine ya ƙara dagula lamarin, kuma nasan mutane da yawa haka suke yi. Na kai ta wajen wani matashi mai wayarin, ya cusa hannu ta ƙarƙashin sitiyari ya zaro ƙwayayen fitila biyu yace sun tsufa kuma ƙanana ne, ya saka min masu wat 5 irin na fitilar gefe a madadin masu wat 3 da suke ciki, tunda gindinsu iri ɗaya ne sun shiga daram. Gaskiya kwanakin farko na ga bambanci, in na saita maɓallin a wajen nan da yake kamawa na ɗan tokare shi da takarda haske yana fitowa. Bayan kamar sati uku na fara jin ɗan warin roba in mun yi tafiyar dare, hasken ya koma jaja-jaja, daga nan wajen da yake kamawan ma ya daina, muka koma ƙasa da inda muka faro.

Wani abokin Kawu ne ya tura ni wajen wani dattijo a wajejen Farin Gada, wanda tun zamanin da waɗannan motocin ke sababbi yake aikin wayarsu. Ina zuwa da ledata ta ƙwayayen LED da na saya ina cewa Baba ga su nan a saka min, ya karɓa ya ajiye a kan benci ko buɗewa bai yi ba yace "ɗana bari mu fara tambayar motar tukuna", ya ɗauko mitar gwaji. Wannan shine bambancinsa da na farko, shi bai yarda ƙwai ne matsalar ba sai ya ga nawa ne wutar da ke isa wajen ƙwan.

Sai na ɗan bayyana yadda hasken wannan motar yake aiki dan ba kamar na motocin yanzu bane. A motar zamani hasken daga bayan lambobin yake fitowa. A W123 ƙwai biyu ne kacal masu wat 3 suke haska duk agogunan uku, suna zaune ta bayan akwatin malejin daga sama, haskensu yana bi ta wani ɗan kwararo ya shiga wata roba garai-garai kamar gilashi, ita ke lanƙwasa hasken ta zubo shi a fuskar agogunan ta gaba. Kenan tun asali hasken ba mai yawa bane, kuma hanyarsa doguwa ce, wuta ta taso daga batir ta bi makunnin fitila da fis, ta shiga na'urar rage haske da 'yan wayarin ke cewa dima, ta isa ƙwai, sannan ta koma ta wayar bodi, a Marsandi ruwan ƙasa ce kalar wannan wayar. Shi kuma hasken ya bi kwararo ya bi roba ya bugi fuskar agogo ya ratsa murfin gaba ya zo idonka. Ko ina a wannan hanyar ana iya yin asara, motar da ta haura shekara 40 kuwa ko ina ɗin ana yi.

Ga abinda mita ta nuna, na rubuta su a bayan takardar siminti ina tsaye. Batir injin a kashe bolt 12.5, da aka tada injin 14.1, kenan altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, bata da laifi. Baba ya turo akwatin malejin waje kaɗan ba tare da ya cire komai ba sai wayar maleji, injin na aiki fitila a kunne. Wutar da ke shiga dima 13.4, wato an riga an yi asarar 0.7 tsakanin makunni da fis. Wadda ke fita daga dima an murɗe shi har ƙarshe 9.6, nan ne babban ɓarawon, kusan bolt 4 a waje ɗaya. Sai ya ɗora tsinke ɗaya a bayan akwatin ɗayan a kan negetif ɗin batir, inda ya kamata a ga kusan sifili sai ga 0.6. In ka cire wannan daga 9.6 ƙwan bolt 9 kawai yake gani.

Mutum zai ce toh 9 cikin 14 ai an samu fiye da rabi, me yasa duhun yayi yawa haka. Ƙwai mai zare ba haka yake lissafi ba, haskensa yana faɗuwa da sauri fiye da wutar, in wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari haske yana raguwa da wajen kashi 30. A bolt 9 abinda ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kalar ta koma ja. Sannan ƙwai biyu masu wat 3 suna jan wajen rabin amfiya ne, masu wat 5 kuwa sun haura 0.8, duk wannan ƙarin ta cikin dimar da ta riga ta yi tsatsa yake bi, wajen haɗuwar yayi zafi ya ƙara ƙonewa. Shi yasa wajen nan guda ɗaya da yake kamawa ya mutu bayan an saka manyan ƙwai.

Wajen cire akwatin gaba ɗaya akwai abinda nake so duk mai irin motar ya sani. Ba noti ke riƙe da shi ba, roba ce zagaye da shi ta matse shi a cikin dashbod, ana cire murfin ƙasan sitiyari a tura shi ta baya ya fito, kar a sa sukundireba ta gaba a ɓanɓare dan tsohon dashbod tsagewa yake. A fara cire kan batir. Ta baya akwai wayar maleji da ake warwarewa da hannu, da babban soket mai zagaye da ake ja a miƙe ba a jijjiga shi, sai kuma ɗan siririn bututun baƙin mai dake zuwa gejin mai na injin wanda ake kwancewa da sifana 10. Wannan bututun man gaske ne a cikinsa daga injin kai tsaye, in an cire shi aka manta aka tada mota toh baƙin mai zai yi feshi a kan kafet da ƙafarka. Baba makullin ma karɓa yayi ya saka a aljihunsa saboda yaran shago.

Da aka buɗe a kan tebur sai komai ya fito fili. Dimar wani ɗan farin tangaran ne da siririyar waya a naɗe kamar sifirin, da wani ɗan harshe na ƙarfe dake gogarta, duk sun yi kore da tsatsa ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta daskare a kai. Kwararon hasken da asalinsa fari ne ya koma ruwan toka. Abinda yafi ɓata min rai robobin nan biyu masu kai haske, bakinsu da ke kusa da ƙwai ya narke ya yi ƙuraje ya koma kalar shayi, na hagu har ya lotsa. Baba ya ɗaga shi a rana ya nuna min yace "ka ga aikin wat 5, wannan ko fitilar filin ƙwallo ka saka a bayansa ba abinda zai wuce." Robar da ta yi shekara 40 tana aiki, sati uku ya gama da ita.

Ba a gyara narkakkiyar roba, dole sai wata. Na kwana biyu ina zagaye a Dilimi wajen masu kayan Beljiyam kafin na dace da tsohon akwatin maleji na irin motar, agogunan cikinsa sun mutu amma ƙoƙon gaba da robobinsa garau. Mai kayan yaso in ɗauka a saka gaba ɗaya a huta, da na kira Kawu na gaya masa yace a'a, "lambar da ke kan malejin nan ni na taka ta da ƙafata tun daga farko, kar a kawo min ta wani." Kuma yana da gaskiya, ko ba dan tarihi ba canza maleji yana ɓata gaskiyar mota ranar da za a sayar. Sai muka ɗauki ƙoƙon kawai muka mayar da agogunanmu na asali a ciki.

A kan dima mun ɗan yi ja-in-ja da Baba. Shi ra'ayinsa a haɗe ƙafafunta biyu da 'yar gajeriyar waya a like da dalma, wuta ta wuce kai tsaye, haske ya zauna a ƙarshe kullum, yace ai ba wanda ke rage hasken wannan motar tunda ko a ƙarshen ma ba yawa gare shi ba. Hanya ce da ake bi kuma tana aiki, ban ce kuskure bane. Ni dai nafi son maɓallin yayi aikinsa, a doguwar tafiya inda ba fitilar titi ko ɗaya rage haske kaɗan yana hutar da ido, kuma tunda muna da dima biyu a hannu me zai hana a gwada. Muka ɗauki wadda ta zo da kayan Dilimi dan wayarta bata ci sosai ba, ya goge ta a hankali da sanfefa mai laushi, ya fesa mata maganin wanke soket, ya ɗan ƙara wa harshen ƙarfi yadda zai danna sosai, ya kankare ƙafafun har suka yi ƙyalli. Da aka gwada asarar ta sauko daga kusan bolt 4 zuwa 0.2, kuma tana hawa tana sauka sumul ba tsalle. Yace in ta sake nan da wasu shekaru sai a haɗe, nace na yarda Baba.

Fis ɗin motar irin na da ne masu kama da ƙwayar dabino, ƙarfe siriri a jikin tangaran, bakinsu biyu ne ke taɓa maƙalai kuma nan ne suke yin fari-fari su daina kama wuta da kyau alhali in ka kalle su basu tsinke ba. Muka canza su duka kowanne da lambarsa, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25, muka goge maƙalan. Sai maganar bodi, ya kwance inda wayoyi masu ruwan ƙasa suka taru a bayan dashbod ya kankare wajen har ƙarfe ya fito, sannan ya ƙara wata sabuwar waya daga bayan akwatin malejin zuwa jikin mota. A nan ne amsar alama ta biyun nan ta fito. Gejin zafi da na mai da fitilun duk hanya ɗaya suke komawa, da hanyar ta toshe sai wutar fitila ta riƙa tura allurai, shi yasa suke motsi in an kunna. Kenan a daren Hawan Kibo injin yayi zafi da gaske tunda ruwa ya ragu, amma allurar ma tana ɗan ƙara gishiri. Ni wannan yafi tsorata ni, gejin da baka gani matsala ce, wanda kuma kake gani yana maka ƙari ko ragi wata matsalar ce daban, kuma waya ɗaya ce ta magance.

Ledar LED ɗina fa, a ƙarshe ban saka su ba, ba wai dan basu da amfani ba, basa zafi sosai kuma da su aka saka tun farko da robar bata narke ba. Amma waɗanda na saya farare ne masu shuɗi-shuɗi, da muka gwada fuskar agogon ta koma kamar allon waya, ga shi gaba kawai suke harba haske tsakiya yayi ƙal gefe yayi duhu, sannan dimar bata iya rage su dan wutar da suke ja ta yi kaɗan, kuma in ka juya su baibai basa kamawa. Wanda robarsa ta lalace kuma bai samu wata ba zai iya neman LED mai kalar ɗorawa dake watsa haske ko ta ina. Gargaɗi ɗaya da Baba ya maimaita har sau biyu, jar fitilar batir kar a kuskura a mayar da ita LED ko a bar ta a mace, ta cikin wannan ɗan ƙwan ne altaneta ke samun wutar farko da take fara caji da ita, ka canza shi kana iya wayar gari batir ba caji kana ta zargin altaneta. Neman ƙwai mai wat 3 ɗin ma sai da na yi da gaske, kusan duk shagon da na shiga mai wat 5 suke miƙo min suce ai ɗaya ne, sai ka karanta rubutun jikinsa da idonka ka ga 12V 3W.

Sauran aikin na haƙuri ne, ni na yi shi a gida a kan tabarma. Kwararon haske na shafa masa farin fenti siriri. Murfin gaba ruwa da sabulu da tsumma mai laushi kawai, fetur ko tina suna sa shi yayi hazo har abada. Fuskar agogunan ban goga ba dan farin rubutun yana iya bin tsumma, burushi mai taushi na sa na kaɗe ƙura. Allurai rana ta cinye kalarsu sun koma kamar ƙashi, na saka takarda a ƙarƙashin kowacce na shafa mata fenti ruwan lemo mai ƙyalli da ɗan tsinke ba tare da na cire ta ba, wannan kaɗai ya canza yadda ido ke kama su.

Da aka mayar da komai, aka ɗaure bututun mai aka duba baya ɗiga, ƙwan yana ganin bolt 13.3 injin na aiki. Kar wani ya zaci ta koma kamar motar bana, hasken mai laushi ne ruwan ɗorawa, amma tun daga gejin mai a hagu har agogon lokaci a dama ba lambar da bana karantawa, kuma allurai basa motsi in na kunna fitila. Bayan isha'i na ɗauki Kawu muka bi hanyar Lamingo inda duhu yake sosai, ya sa tabarau ya leƙo daga kujerarsa ya karanta min zafi 80 da ɗan ɗori, mai rabin tanki, ya miƙo hannu ya murɗa maɓallin ƙasa ya dawo da shi sama har sau uku yana kallon yadda hasken ke bin hannunsa. Can sai yace "toh ɗan nan, yanzu da nake gani, agogon nan ƙarfe 4 da minti 10 yake nunawa tun ɗazu." Agogon ya daɗe da tsayawa duhu ne ya rufa masa asiri. Baba yace yawanci wasu ƙananan kayan lantarki masu riƙe wuta da ake kira kafasito guda biyu ne a cikinsa suke bushewa, na sayo su suna aljihun mota, ranar Asabar zamu sake turo akwatin waje.